Kwanon Waje da Kwanon Yara

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Ba mai arziki ba ne, ba kuma za a kira shi matsiyaci ba. Yana da gonar dawa, da ta masara, da ɗan fegin gyaɗa da wake a bayan gari, da kaji da ba su kai goma ba. Matarsa sunanta Afiniki. 'Ya'yansu uku: Godiya mai shekara bakwai, Sila mai shekara huɗu, sai autarsu Murna, wadda aka yaye da faɗuwar ruwan fari. Shi kuwa ainihin sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa Baban Godiya yake ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Mutumin nan ba mashayi ba ne. Bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, ba ya fashin sujada, in an kira gayya a gonar ikkilisiya shi ne na farkon zuwa. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya gyara zama ya ce, "Af, ashe labarin mugun mutum ne, ba da ni ake ba." Da kai ake, ɗan'uwa. Zauna daidai ka saurara.

A unguwarsu ana ciyayya. In rana ta yi sanyi, magidanta sukan shimfiɗa tabarma a gindin ceɗiyar da ke ƙofar gidan Baba Irmiya, dattijon unguwar. Kowa ya fito da kwanon tuwonsa daga gida, a jera a tsakiya, a yi addu'a, a ci tare. Al'ada ce mai kyau, ban zo in kushe ta ba. Baƙo yana ci a nan, gwauro yana ci, wanda matarsa ba ta da lafiya yana ci. Sai dai maza suna da ido, suna kuma da baki. Ana ɗaga murfi kowa ya san gidan da aka yi girki da gidan da aka yi maneji.

To, a tabarmar nan kwanon Baban Godiya ba shi da na biyu. In ya buɗe, ga manja ja wur kwance a kan miya, ga kifi a tsakiya, ga ƙanshin daddawa yana dukan hanci. Hannuwa sukan tsallake kwano uku su sauka a nasa. Akwai wani abokinsa, Habila, sarkin tsokana, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da loma a ciki. Shi ne kullum yake cewa, "Ku matsa, ku matsa, kwanon gwamna ya iso!" Sai a kwashe da dariya. Baban Godiya ya sunkuyar da kai kamar ba ya so, alhali daɗi ya cika masa ciki fal. Ko a gona yake, in ya tuna da maganar sai ya yi murmushi shi kaɗai.

Da mutumin nan mai tsayawa ya yi tunani ne, da ya yi wa kansa tambaya ɗaya: yaya aka yi cefanensa bai fi na kowa ba, amma kwanonsa ya fi na kowa? Bai yi tambayar ba. Shi dai ya san ran Alhamis, ranar kasuwa, yakan kawo kwalbar manja ɗaya, da busasshen kifi, da daddawa, da gishiri, da barkono. Kowace safiya kuma ya hau rumbu ya auna wa Afiniki hatsin yini. Daga nan ya kakkaɓe hannu, a wurinsa ya gama nasa.

Afiniki kuwa mace ce mai tattali, ba ta wasa da ko ƙwayar hatsi. Ran Alhamis ɗin da yamma takan zauna ta raba cefanen kashi bakwai. Kifin ta kakkarya shi, ta yi ƙulli bakwai a tsumma mai tsabta. Daddawa ma haka. Kwalbar manja ta ɗaura mata zare, kullum ta saukar da zaren faɗin yatsa, ba ta wuce shi ko baƙo aka yi. Ta san ranar miyar kuka, ta san ranar kuɓewa, ta san ranar da za ta yi faten tsaki da yakuwa don dawa ta huta, da ranar wake da kabewa. Tuwon da ya kwana ba ya zuwa wurin kaji, ɗumame yake zama da safe. A bayan ɗakinta ta dasa zogale guda uku da alayyafo kunya biyu, ruwan wanke-wanke take zuba musu. Ba a taɓa wayar gari ran Laraba an ce mai ya ƙare a gidan nan ba. Matan zumuntar ikkilisiya har zuwa suke yi su ga yadda take ƙullin nan.

Ana nan, ana nan, damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. Sai Murna ta fara canjawa. Yarinyar da take tatata tana bin kaji, ta koma zama. In an ajiye ta a tabarma, nan za a dawo a same ta. Gashinta ya yi laushi, ya koma ja-ja kamar gemun masara. Hannuwanta suka sirance. Kukanta ma ba na ƙarfi ba ne, wani ɗan siririn kuka ne da ba ya ƙarewa. Baban Godiya ya ce haƙora ne. Aka jira, ba haƙora ba ne. Ya ce shawara ce, ya samo saiwa aka jiƙa, ba ta yi ba. Ya kira dattawa suka yi addu'a. Yana son yarinyar nan ƙwarai, kada ku yi zaton ba ya sonta. In ya dawo daga gona ita yake fara ɗauka, kuma shi da kansa yake jin kullum nauyinta yana raguwa a hannunsa. Tsoro ya kama shi sosai.

Ran nan ya ɗora uwa da 'ya a bayan keke, sai ƙaramin asibitin da ke garin gaba. Mai duba yara a wurin wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta buɗe idon Murna, ta shafa gashinta, ta ɗauko wani ɗan ma'auni irin na tela, mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta zagaya shi a damtsen yarinyar. Ya tsaya a rawaya, dab da ja.

Ta ce, "Malam, ciwon 'yarka ba na allura ba ne. Abinci ne bai ishi jikinta ba. Ku dawo da ita bayan mako biyu. In ma'aunin nan ya shiga ja, sai kwanciya a babban asibiti, kuma ba duk yaron da ya kai can yake dawowa gida ba. Gaskiya nake faɗa maka."

Baban Godiya ya ji kamar an mare shi. Ya ce, "Abinci? A gidana? Haba, Mama! Je ki unguwarmu ki tambaya, kwanon wa ya fi na kowa."

Matar ta dube shi ta saman tabarau, ta ce, "Ni ba kwanonka nake aunawa ba, hannun yarinya nake aunawa." Ta juya wajen Afiniki ta faɗa mata abin da za ta riƙa ba ta: wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, ganye, da ɗan mai, kaɗan-kaɗan sau biyar a yini. Afiniki tana ta cewa "To, to," idonta a ƙasa. A hanyar gida kuwa, shi yana tuƙa keke yana ta faɗa shi kaɗai, wai matar nan ta raina shi.

Kwana biyu da dawowarsu, da yamma, hadari ya taso daga gabas. Kafin a shimfiɗa tabarma ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba ciyayya ran nan. Baban Godiya yana dawowa daga rufe akurkin kaji ruwan ya tare shi, ya faɗa madafa don ita ce kusa. Shekara tara da aure, bai taɓa zama a madafa lokacin kwasar tuwo ba. Ya kifa turmi ya zauna, yana jin ɗumin wuta.

Afiniki ta ɗan yi turus da ganinsa, amma tuwo ba ya jira. Ta kwashe. Ta jawo kwanon waje, mai murfi, wanda take gogewa da toka har yana ƙyalli. Ta buɗe tukunyar miya. Miyar kuka ce, kuma tukunya ɗaya ce, babu wata a ɓoye. Ta sa ludayi a hankali ta kwashe saman, inda man ya taru, ta zuba a kwanon waje. Ta laluba ta tsamo kifin, duk ƙullin ranar, ta ɗora a tsakiya. Ta ƙara ludayi biyu na mai kauri, ta rufe. Sannan ta miƙa hannu randa, ta ɗebo ruwa cikin moɗa, ta zuba a abin da ya rage a tukunya, ta barbaɗa gishiri, ta kaɗa, ta bari ya tafasa sau ɗaya. Shi ta juye a wata tsohuwar roba, ta kira yara. Hannunta bai yi ko gargada ba. Da gani ka san aikin kullum ne.

Yara uku suka kewaye robar. Godiya da Sila hannunsu da sauri, sun saba. Murna ta kai hannu sau biyu, ta tsotsi yatsa, kafin ta kai na uku roba ta yi fes. Ko kuka ba ta yi ba. Afiniki kuwa ta kankare ƙanzon tukunya, shi ne nata.

Baban Godiya ya jawo robar, ya lakato ɗan abin da ya saura a gefe, ya kai baki. Ruwa ne da gishiri da warin kuka.

Ya ce, "Maman Godiya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Abinci ne, Maigida."

"Na ga abinci ne. Ruwan nan da kika zuba fa?"

"In ban zuba ba, ba zai ishe su ba."

"Yau kaɗai ne?"

Ta tura itace a murhu, ta ce, "Kullum ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce kada in ƙara kunyata ka."

Ya ce shi bai san wannan rana ba. Sai ta tuna masa. Ta ce, "Watanmu ɗaya da aure, na yi miyar kuɓewa ta tsinke. Habila ya ce amarya ta wanke tukunya ta aiko muku da ruwan. Ka shigo ranka a ɓace, ka dangwarar da kwano a nan inda kake zaune, ka ce, 'Kome za ki yi ki yi, amma kada ki ƙara kunyata ni a gaban maza.' To, ban ƙara ba. Ko na ƙara?"

Shi ya manta da maganar tun a makon. Ita kuwa ta ƙulle ta a bakin zane shekara tara.

Ya ce, "Me ya hana ki ce mini cefane ba ya isa?"

Ta ce, "Cefanenka yana isa, Maigida. Na juya shi ta kowace fuska. Ya ishi mutum biyar su sha miya mai kyau daidai gwargwado, kullum, har Laraba. Amma ba zai ciyar da mutum biyar ya kuma ciyar da sunanka a waje ba. Da muna mu biyu, ni kaɗai nake shan ruwan, ban damu ba. Da yara suka zo, sai na ƙara ruwan."

Baban Godiya ya jawo kwanon waje, ya buɗe, ya ce wa yaran, "Ku zo ku ci." Ba wanda ya motsa. An koya musu tun suna rarrafe cewa ba a taɓa wannan kwano. Sai da uwarsu ta gyaɗa musu kai suka matso. Sila ya leƙa, ya ga manja, ya ga kifi, ya ɗago kai ya ce, "Baba, yau Kirsimeti ne?"

Maganar nan ta shige shi har ƙashi. Ya juya fuska wajen murhu don a ce hayaƙi ne ya sa masa hawaye, amma ba hayaƙi ba ne, kunya ce da baƙin ciki. Ya ɗauki Murna ya ɗora a cinya, ya marmasa kifi, ya cire ƙaya, yana sa mata a baki da yatsa. Loma uku ƙanana ta ci, ta kwantar da kai a ƙirjinsa.

Washegari bai yi sammakon gona ba. Ya zauna a bakin madafa ya ce, "Ke kika san tukunya. Faɗa mini yadda za a yi, ko da sai na sayar da keke."

Ta ce, "Bar kekenka. Abin da muke da shi ya isa." Ta ce kifin ba za ta ƙara sa shi gunduwa-gunduwa ba, daka shi za ta yi a turmi ya zama gari, don kifin da aka daka ba mai iya tsamo shi, kowane ludayi zai samu. Za ta juya miyar sosai kafin ta raba. Na Murna za ta fara ɗiba tun kafin ta sa barkono, a ɗan kwanonta ita kaɗai, a zauna kusa da ita har ta cinye, tun da ba ta iya tsere da yayyenta. Ta ce ya kwance buhun gyaɗar da ya ajiye yana jira ta yi tsada, ya auna mata tiya ɗaya ta riƙa sawa a kunun safe. Da rana kuma wake da zogale, ga su nan a bayan ɗaki ba da ko sisi ba.

Ta ce, "Sai ƙwai. Kajin nan suna yi, kai kana kaiwa kasuwa. Ka bar mata ɗaya kullum."

Nan ya ɗan cije. Ya ce, "Ƙwai? Iyayenmu sun ce yaron da ya saba da ƙwai sata zai koya."

Ta ce, "'Ya'yan Fasto kullum suna ci. Me suka sata?"

Sai ya tashi da kansa ya shiga akurki.

Da zai tafi gona ya waiwayo ya ce, "Dakan kifi ki fara gobe. Yau ki yi yadda kika saba, sau ɗaya na ƙarshe, amma ki juya. Na saman ki ba yara, na ruwan ki zuba mini a kwanon waje."

Ta ce, "Haba, Maigida, dariya za su yi maka."

Ya ce, "Su yi."

Faɗa da baki ba wuya. Da yamma ta yi, ya ɗauki kwanon, tsakanin ƙofarsa da ceɗiyar nan taku ashirin ne, amma ya ji kamar ba zai kai ba. Sau biyu yana tunanin ya koma ya ce ba ya jin daɗi. Habila ya hango shi, ya ɗaga murya, "Ku matsa, ku matsa, kwanon gwamna ya iso!" Baba Irmiya ya yi addu'a, aka buɗe kwanuka. Habila ne ya fara kai hannu kamar kullum. Ya tsoma loma, ya ɗago, miyar ta biyo hannunsa har gwiwa.

Ya ce, "Tabɗi! Baban Godiya, ruwan jiya ne ya shiga tukunyarku, ko kuwa uwargida ta yi yaji?"

Aka yi dariya har da masu buga cinya. Baban Godiya ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Ku ci. Wannan ita ce miyar da 'ya'yana suke sha tun da aka haife su. Wadda kuka saba ci, tasu ce nake ɗauko muku, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. An auna hannun Murna a asibiti, an ce saura kaɗan. Daga yau abin da suka ci shi zan fito da shi. Wanda ya yi masa ya sa hannu, wanda bai yi masa ba, ga kwanuka nan da yawa."

Baba Irmiya ya daɗe yana kallon nasa kwanon, da tsokar nama biyu a kai. Jikoki huɗu ne a gidansa. Ya wanke hannu, ya dogara sanda, ya shiga gida ba tare da ya yi gyaran murya ba. Jim kaɗan ya fito da wata roba, ya ajiye ta kusa da kwanon Baban Godiya. Kai ka ce tukunya ɗaya aka kwaso su. Ya zauna ya ce, "Shekarata saba'in, yau na fara leƙa kwanon jikokina." Ran nan ba a daɗe a tabarma ba. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗauki kwanonsa ya nufi gida.

Kada ku zaci kowa ya yaba masa. Habila ya ce mutumin ya zama mijin-ta-ce, ya ɗauke kwanonsa ya koma wata tabarma har wata guda. Ba a ƙara cewa kwanon gwamna ba. Miyar da yake fitowa da ita yanzu ba ta da laifi, amma ba ta da ja a sama, ba ta da kifi a tsakiya, miya ce kamar ta kowa. Hannuwan da suke tsallake kwano uku su zo nasa, yanzu nasa suke tsallakewa. Abin ya yi masa zafi, ba sau ɗaya ba. Yakan haɗiye, ya tuna da tambayar Sila.

Da mako biyu suka cika, suka koma asibiti. Dattijuwar ta zagaya ma'auni. Yana rawaya har yanzu, amma ya ja baya daga ja da kamar faɗin ƙwayar masara. Ta ce, "Madalla. Me kuka ƙara?" Ya ce, "Ba mu ƙara kome ba, Mama. Rabon muka gyara." Ta ce su ci gaba, kada su gaji. Sai da sabuwar masara ta shigo ma'aunin ya kai kore. Gashin Murna ya fara fitowa baƙi daga tushe.

Wata yamma da kaka, maza suna zaune a gindin ceɗiya, har da Habila da ya dawo, an buɗe kwanuka ke nan. Sai ga wata 'yar mitsitsiya ta fito daga ƙofar gidan Baban Godiya, tana tafe da ƙafarta, tana faɗuwa tana tashi. Ta ratsa tsakanin maza, ta haye cinyar ubanta, ta tsoma hannu a kwanon waje kamar ta saba. Ba a taɓa ganin yarinya a tabarmar nan ba. Habila ya buɗe baki zai yi magana, Baba Irmiya ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar ta. Kwanonta ne."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kuma zan fara da ta tukunya kafin in kai ga ta zuciya, don na san halinmu: mun fi son ma'anar da ba za ta taɓa mana kwano ba. Abincin da Allah ya ba gidanka, ko kaɗan ne, na mutanen gidan ne, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ya fi bukatar mai kyaun. Kai babba ka gama girma. Yaron da aka yaye jiya shi ne yake gina ƙashi da jini. Wake, da gyaɗa, da zogale, da ƙwai ɗaya, ba abincin masu kuɗi ba ne, suna bayan ɗakinmu. Gidaje da yawa ba ƙarin cefane suke bukata ba, gyaran rabo suke bukata.

Cefanen nan kuma shi ne duk abin da Ubangiji ya damƙa maka na yini ɗaya: ƙarfinka, da lokacinka, da haƙurinka, da fara'arka. Ya auna maka daidai wanda zai ishi gidanka. Kwanon waje shi ne fuskar da kake nuna wa jama'a. Kwanon yara shi ne abin da mutanen gidanka suke samu daga gare ka bayan an rufe ƙofa. Akwai mutumin da a waje kowa yake cewa, "Kai, wane akwai haƙuri, akwai ban dariya," amma in ya shiga gida yara sai su nemi lungu. Ya kwashe man ya kai waje, ya kawo musu ruwa da gishiri. Akwai macen da ba a yin taron zumunta babu ita, muryarta ce a gaba in ana waƙa, amma ba ta taɓa zama ta koya wa 'yarta addu'a ba, don kafin ta dawo ta gaji. Ni mai wannan magana ma ban tsira ba. Na sha zama awa biyu ina sauraron damuwar wani, in shiga gida in ce wa nawa ɗan, "Bari sai gobe."

Magidanta, ku lura da maganar da kuke yarwa cikin fushi. Kai ka manta da ita kafin Lahadi, wata tana dafa abinci da ita shekara tara. In ka san ka taɓa faɗin irinta, je ka janye ta da bakinka, kada ka ɗauka ta mutu da kanta.

Mata, kada ku tafi kuna cewa yau an wanke ku. Afiniki ta iya tattali, ta iya biyayya, amma ta ga hannun 'yarta yana sirancewa ta yi shiru, don tsoron ɓacin ran miji. Da ruwan sama bai kora shi madafa ba fa? Allah bai ce ki rufe baki yaro yana ramewa ba. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa.

Mai ma'aunin nan kuwa, ku tuna da abin da ta ce. Ran da za mu tsaya a gaban Ubangiji, ba zai aika unguwa a tambayo kwanon wa ya fi na kowa ba. Waɗanda ya sa a hannunka zai duba, ya ga yadda suka kasance a wurinka.

Saboda haka yau in an kwashe tuwo, kafin ka sa hannu a naka, tashi ka je inda yara suke ci. Kada ka aika, kada ka tambaya daga nesa. Tsuguna ka lakata ka ɗanɗana da harshenka. In ka ji ruwa da gishiri, ka san abin yi, kuma ka yi shi yau. Murna an ba ta mako biyu. Kai ba wanda ya faɗa maka kwana nawa suka rage wa naka.